Haƙƙin Katanga

Ginin katangar ƙasa yakan ci rani guda. Sai an haƙo ƙasa daga kududdufi, an kwaɓa ta da ciyawa, an tattake, an bar ta kwanaki ta tsumu. Sai an cura tubali ɗaya bayan ɗaya an shanya a rana. Sannan magini ya hau yana jerawa, yana jiran sahun ƙasa ya bushe kafin ya aza na bisa. Rushe ta kuwa, samari huɗu da diga biyu sa gama kafin la'asar. Wannan tazara da ke tsakanin wahalar ginawa da sauƙin rushewa ita ta sa nake ganin maganar ta fi ƙarfin magina da 'yan kwangila su kaɗai. Duk abin da ɓata shi ke da sauƙi, mayar da shi kuma ke da wuya, yana da haƙƙin a tsaya a yi shawara da zuci kafin a kai masa hannu.

Wanda duk ya ratsa lungunan cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko unguwar Birni ta Damagaram da rani, ya san abin da nake nufi. Nan an sauke soro, can an jibge bulo a bakin zaure, ga yara na tura baro cike da ɓaraguzai zuwa bakin titi inda tifa za ta iya tsayawa. Masu gidajen ne da kansu ke wannan rusau, da kuɗinsu, cikin farin ciki, kuma sunan da suke ba aikin shi ne gyara. Ta fuskar mallaka babu abin tuhuma a ciki. In ka cire wurare ƙalilan irin tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, gidan ƙasa ba shi da mai tsaronsa sai zuciyar mai shi. Tambayar da nake son aunawa ke nan: mutumin da ya gaji gidan ƙasa, Allah ya hore masa abin sabunta shi, shin ikonsa a kan katangun nan cikakke ne, ko kuwa akwai masu rabo a cikinsu waɗanda sunansu bai shiga takardar gida ba?

Zan fara da hujjar mai diga, domin tana da ƙarfi, kuma masu kukan ɓacewar ginin gargajiya sukan tsallake ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu damina da za ta wuce ba a ji labarin katangar da ta rufta wa iyali cikin dare ba. Manyan gine-gine ma ba su tsira ba. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya faɗo wa masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na Damagaram. Uban da ya kwana yana sauraren ruwa na dukan soron da 'ya'yansa ke barci a ƙarƙashinsa ba ya bukatar wani ya karanta masa darasin kishin al'ada. Rai ya fi gini, kowane iri ne, kuma ko wane gwani ne ya gina shi.

Akwai kuma maganar wuri. Katangar ƙasa da gindinta take tsayuwa, shi ya sa ake yi mata kauri daga ƙasa tana sirancewa zuwa sama. Gidan da kaka ya gina wa mata biyu da 'ya'ya bakwai yau jikoki arba'in ke da gado a cikinsa, kowane kamu na fili yana da mai jiransa. Zaman ma ya sauya. Mutane na son famfo da makewayi a cikin ɗaki, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar ƙasa. Yaɓen da a dā 'yan gida da maƙwabta ke taruwa su yi da gayya, yau sai an biya lada. Saboda haka nake jin nauyin bakina idan na ji wanda ke kwana a gidan siminti mai na'urar sanyaya ɗaki yana yabon ginin ƙasa a madadin talaka. A shekarun 1940 mai zanen gine-gine ɗan Masar, Hasan Fathi, ya tsara wa mutanen Gurna, kusa da Luksor, sabon ƙauye na tubalin ƙasa wanda har yau masana ke zuwa kallo. Mutanen da aka yi dominsu suka ƙi barin tsohon mazauninsu, aikin ya tsaya bai kammala ba. Kyawun gini bai isa hujjar zaunar da mutum inda bai zaɓa ba, kuma babu wanda ya cancanci a mayar da shi ɗan gadin gidan tarihi a cikin gidan ubansa.

Duk wannan na yarda da shi. Sai dai yarda da cewa rushewa na iya halatta bai nuna cewa babu abin da ke salwanta ba. Kamata ya yi mai diga ya san abin da yake sarewa.

Kaurin nan da ke cin fili shi ne ke tare zafi. Katangar ƙasa takan sha rana wuni guda tana haɗiye zafinta sannu a hankali, sai dare ya raba take sakinsa, shi ya sa ɗakin soro ke da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, yake da ɗumi da asubar hunturu. Ɗakin bulo da rufin kwano kuwa da hantsi ya riga ya zama tanda, sai an roƙi wutar lantarki ta zo a sami sauƙi. Azarar da ke ɗauke da rufin daga giginya aka tsago ta, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Inda ɗaki ya fi tsawon azara faɗi, magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suna ɗaura gajerun azara suna tanƙwaro su daga bango zuwa bango har su haɗu a tsakiya. Don kare jikin gini daga ruwa suka yi makuba da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, suka yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda katanga guda ta tara marini da majemi da mai saran giginya a jikinta. Ba a rubuta wannan sani a allo ba. A hannu yake zaune, kuma hannu ba ya riƙe abin da aka daina nemansa a wurinsa. Kowane soro da aka sauke ba a sake irinsa ba, an rage wa magini dalilin koya wa ɗansa.

Sannan ƙasa tana da wata ɗabi'a da siminti ba shi da ita: tana karɓar tuba. Katangar da aka rushe, in aka farfasa ta aka jiƙa, sai ta koma kwaɓi a sake tubali da ita. Ɓaraguzan kankare kuwa cikon rami kawai suke yi. Masana'antar siminti ita ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, mu kuma mazauna bakin hamada muna cikin na farkon ɗanɗana wannan ɗumi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya, gine-gine da yawa suka tsaya a rabi. Mutum ya rushe abin da yake iya gyarawa da ƙasar bayan gidansa, ya ɗauko abin da ba ya iya ƙarasawa sai farashi ya yarda: wannan ciniki ne da ya kamata a shiga da ido buɗe.

Yanzu in zo ga zuciyar maganar: mene ne ainihin abin da aka gada? Masanan Girka na dā sun yi muhawara a kan jirgin ruwan wani gwarzonsu mai suna Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana, suna sauya duk katakon da ya ruɓe da sabo, har aka rasa na asali ko ɗaya. Shin jirgin nan shi ne na dā, ko wani ne? Maginin ƙasa ba zai ga abin ruɗani a nan ba, domin haka sana'arsa take tun fil'azal. Kowace damina tana wanke fuskar katanga, kowane rani ana mayar mata da sabuwa. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka yi gininsa na yanzu a 1907, yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen gari na fitowa ƙwansu da kwarkwata su yaɓe shi. Fuskar da baƙo ke ɗauka a hoto ba ta wuce shekara guda da haihuwa ba. Haka katangar gidan kowa take. Inda hannun kakanka ya shafa ruwa ya daɗe da tafiya da shi. Abin da ya rage shi ne wurin da ya zaɓa, da siffar da ya bayar, da alkawarin cewa wani zai zo ya sake shafawa. Wanda ya gaji katangar ƙasa, aiki ya gada.

Idan haka ne, to rushe katanga yana farawa tun shekarar da aka fara cewa a bar yaɓe sai baɗi, aka bar indararo ya toshe, aka bar kwata na lasar gindin bango, kanwa na cinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yawa cikin katangun da ake cewa sun gaji don haka a sauke su, sakaci ne ya gajiyar da su, sannan aka kafa hujja da gajiyar. A ma'aunina, magajin da ya tsaya ya duba, ya ga gininsa ba zai ɗauki iyalinsa ba, ya sauke shi da tsari, ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya ƙi taɓa gidan gado wai don girmama mahaifi, ya kuma ƙi kashe masa ko kwabo, har damina ta yanke hukuncin da shi ya kasa yankewa, wani lokaci a kan ɗan maƙwabci da ke wucewa.

Ambaton maƙwabci ya kawo ni ga mai rabo na farko da takarda ba ta sani ba. Na ga wannan a gidanmu na gado. Bayan rasuwar mahaifinmu da raba gado, yayana ya yi niyyar sauke ɗakunan baya ya yi na bulo. Kafin a kira masu diga, sai aka ɗauko wani dattijon magini da ya daɗe yana yi wa gidan yaɓe, don ya nuna inda za a fara. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da bayan hannu, yana kara kunne. Da ya zo katangar gabas sai ya tsaya.

"Alhaji," in ji shi, "wannan taku ce, babu musu. Amma zagaya ta baya ka ga abin da take ɗauke da shi."

Muka yi sallama gidan da ke manne da namu, inda wata tsohuwa da muke kira Gwaggo ke zaune da jikokinta tun rasuwar mijinta. Kawunan azarar ɗakinta duk a cikin katangarmu suke. Kakanmu ne ya yardar wa surukinta ya ɗora, tun kafin a haifi kowa a cikinmu, ba shaida ba rubutu. Da ta fahimci abin da ya kawo mu sai ta ce, "'Ya'yan nan, ku yi aikinku. Gidanku ne, kada ku tsaya saboda ni." Ita da mu duk mun san ba ta da kuɗin ɗora ko azara ɗaya. Kunya ce ta yi maganar, kuma izinin da kunya ta bayar ba abin da mutumin kirki zai riƙe ba ne. Aka sauke katanga uku, aka bar ta gabas, aka yi mata sabon yaɓe da dakali a gindinta. Ɗakin yayana ya ragu da kusan kamu biyu, kuma har yau gadonsa a karkace yake shiga.

Magabata sun san wannan matsala sarai. Hadisi ingantacce ya hana mutum hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. A ƙarni na 14 wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn Rami, wanda alƙalai ke aikawa duba rigingimun gini, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen katanga da magudanar ruwa da tagogi bisa mazhabar Malikiyya, ginshiƙinsa kuwa shi ne hana cutarwa. A tsohon gari gidaje jingine suke da juna kamar masu sahun salla. Wanda ya zare katangarsa ya bar ta maƙwabci tsirara ga ruwa. Wanda ya cike gidansa ya ɗaga shi sama ya juya wa na kusa da shi ambaliya. Wanda ya ɗora bene ya buɗe tsakar gidan wasu ga idonsa. Duk waɗannan suna faruwa ba tare da an ƙetare iyaka da taƙi ɗaya ba. Iyakar fili daban, iyakar haƙƙi daban.

Mai rabo na biyu shi ne wanda bai zo ba tukuna. A Suratul Kahfi an ba da labarin yadda Annabi Musa da bawan Allah Haliru suka iske wata katanga tana shirin faɗuwa, Haliru ya tayar da ita ba tare da neman lada ba, daga baya ya bayyana cewa dukiyar wasu marayu biyu ce a ƙarƙashinta, ana jiran su girma. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne katanga kan riƙe wa mutum abin da bai isa sanin darajarsa ba tukuna. Tarihin Madina ya ba da misali mai taɓa zuciya. Wajen shekara ta 88 bayan Hijira, Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya umarci gwamnansa Umaru ɗan Abdul'aziz ya faɗaɗa Masallacin Annabi, aka rushe ɗakunan matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda aka yi da tubalin ƙasa da zarben dabino, aka shigar da wurin cikin masallaci. An ruwaito cewa mutanen Madina sun yi kuka ranar, kuma babban malaminsu Sa'idu ɗan Musayyib ya yi burin da an bar ɗakunan, domin na baya su ga irin ɗan abin da shugaban halitta ya wadatu da shi. Aikin alheri aka yi, mutum adali ne ya jagorance shi, amma asarar ta tabbata. Rushewa tana iya zama daidai, hasararta kuma ta zama gaskiya a lokaci guda. Yaron da ya tashi bai taɓa zama a zaure ba, bai ga alkukin da kakarsa ke ajiye fitila ba, an rage masa wata hanya ta sanin daga ina ya fito, kuma ba a tambaye shi ba.

Saura abu guda, wanda shi ne mafi wuyar faɗa. Ba kowace diga ce bukata ke ɗagawa ba. Wata kunya ce ke riƙe da ƙotarta. Mun kai zamanin da "gidan ƙasa" ya zama kusan gori. Ana zuwa binciken aure a dawo da rahoton cewa mutanen kirki ne, sai dai gidansu na ƙasa ne. Ɗan da ya yi arziki yakan ji cewa muddin soron ubansa na tsaye, mutane ba za su yarda ya samu ba. Wanda bai da halin rushewa sai ya lulluɓe katangar da shafen siminti don ta yi kama da bulo. Siminti kuwa ba ya barin ƙasa ta yi numfashi: danshi ya shiga ya rasa mafita, ciki ya ruɓe fuska na sheƙi, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, wata rana shafen ya ɓallo falle guda. Ban san wani hoto da ya fi wannan kama da mutumin da ke ƙyamar asalinsa ba. Mai rushewa don bukata ya san abin da yake nema, in ya samu zai tsaya. Mai rushewa don kunya ba shi da wurin tsayawa, domin gobe bulon ma zai tsufa a idonsa.

Tsakanin barin kango da share fili akwai hanya, kuma an bi ta. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, jama'a sun bukaci masallaci mafi girma, tsohon nasu na ƙasa kuma ya fara lalacewa. Masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka yi aiki da mutanen garin aka gyara tsohon aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon a kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. An gayyato maginan gargajiya cikin aikin, suka koyar kuma suka koya. Abin da gari ya iya, gida ma zai iya daidai ƙarfinsa: a bar zaure a sabunta ciki, a yi makewayi da bulo nesa da tsohuwar katanga, a ɗaure gindin bango da dutse, a sa rufin da zai zubar da ruwa nesa da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matsayina ke nan. Mai gida yana da ikon rushe katangarsa, wani lokaci ma wajibi ne a kansa. Amma ikon nan na mai riƙon amana ne, kuma mai riƙon amana yakan yi tambaya kafin ya zartar. Ya tambayi wanda ya san ƙasa ko katangar ta mutu ne ko ƙishirwar yaɓe take ji, kada ya tambayi wanda ribarsa ke cikin yawan buhunan siminti. Ya zagaya baya ya ga wa ke jingine da ita, kada ya fake da izinin mai jin kunya. Ya tambayi kansa, a inda babu mai jinsa, ko iyalinsa yake yi wa wuri ko bakin mutane yake toshewa. In duk amsoshin sun ce a sauke, to a sauke da ladabi: a ɗauki hoto, a zare azara da ƙyaure a ajiye, a ba mai bukata ƙasar ya sake tubali, a kuma kira yaran gidan su tsaya su ga cikin bango kafin ya zube, su ga sahun tubalin da shatin yatsun wanda ya cura su. Wanda zai iya tsayar da 'ya'yansa a wurin ya gaya musu dalilinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya ɗaga digarsa.